Gajerun labarai da auna fahimta: Darasin Turancin da makarantun karkarar Kano ke jira

Duk shekara, daga watan Mayu zuwa Yuli, daidai lokacin da manoman Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir ke fama da shuka da noman farko, 'ya'yansu da ke ajin ƙarshe na sakandare suke zaman jarrabawar WAEC da ta NECO. A cikin darussan da ɗalibi ke rubutawa, Turanci na sahun gaba wajen tare wa yaran karkara hanya. Ko da yaro ya ci Hausa da Addini da Aikin Gona da kyakkyawan sakamako, in babu kiredit a Turanci ƙofar jami'a a rufe take. Daga nan sai a shiga neman kuɗin sake zama, wanda a gidan manomi yakan kai ga sayar da tunkiya ko buhun gero. Ga yarinya kuwa, sau da dama faɗuwar farko ita ce ƙarshen karatun.

A watan Agustan 2025, hukumar WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 na ɗaliban Najeriya ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta ce ta gano kuskure wajen fitar da maki, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ko da adadin da aka gyara aka ɗauka, fiye da ɗalibi ɗaya cikin uku bai haye ba, kuma wannan lissafi ne na ƙasa baki ɗaya, wanda ya haɗa da makarantun kuɗi na Legas da Abuja.

Akwai abin lura a tsarin jarrabawar kanta. Takarda ta biyu ta Turancin WAEC maki 100 ce: 50 na insha'i, 20 na auna fahimta, 30 na taƙaitawa. Wato rabin makin yana hannun ɗalibin da zai karanta rubutun da bai taɓa gani ba, ya gane abin da ake faɗa, ya bayyana shi da kalmominsa. Hukumar JAMB ma takan ɗora wa duk mai neman gurbin karatu littafin labari guda a darasin Turanci, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, da The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba da ya biyo bayansa. Jarrabawa karatu take nema, amma karatu ne abin da ya fi ƙaranci a ajin Turanci na makarantun karkara.

Abin da ke faruwa a aji

Wanda ya san makarantun gwamnati na jeka-ka-dawo a wannan yanki ya san yadda darasin yake tafiya. Minti 40 ne. Malami zai shigo ya cika allo da bayanin nahawu, ɗalibai su duƙufa suna kwafa, kafin a gama an kaɗa ƙararrawa. Ranar auna fahimta, da yake littafin karatu bai wadata ba, sai malami ya rubuta nassin a allo ko ya karanta daga kwafi ɗaya da ke hannunsa. Daga nan a zo kan tambayoyi, inda yaran suka daɗe da gano wata dabara: su nemo kalmar da ke cikin tambaya a cikin nassin, su kwafe jimlar da ta ƙunshe ta gaba ɗaya. A gwajin aji dabarar takan ba da maki. A WAEC ba ta kai mutum ko'ina, domin a sashen taƙaitawa ana rage makin wanda ya kwafo jimla yadda take, kuma wasu tambayoyin auna fahimta amsarsu ba ta rubuce ƙarara, sai an yi tunani an ciro ta.

Ba daidai ba ne a ɗora wa malamai laifin duka. Malamin da ke da aji uku ko huɗu, kowanne cike maƙil, ga tsarin darussan zango da dole ya kammala kafin masu duba makarantu su zo, yana zaɓar abin da zai iya nunawa a rubuce. Rubutun da aka kwafa a littafi hujja ce cewa an yi aiki. Karatun da yaro ya yi shiru a ransa ba ya barin alama a takarda.

Ga kuma yanayin rayuwa. A wannan yanki gona na manne da gona, ƙasa ba ta hutawa, kuma hannun kowane yaro yana da amfani. Zangon farko na faɗawa cikin kaka, lokacin girbin gero da roron wake da cirar gyaɗa. Zango na uku na faɗawa cikin damina. Ranar kasuwa ajujuwa kan rage. Ɗalibin da ya rasa kwana biyu a mako ba zai iya bin dogon littafin da ake karantawa babi-babi tsawon zango ba. In ya dawo labarin ya wuce shi, sai ya haƙura.

Tushen matsalar

Ɗalibi ba a sakandare yake fara kasa karatu ba. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara ƙiyasin ya kai kashi 89. Yaran nan ba sa tsayawa a firamare. Suna wucewa aji-aji har su isa sakandare da gibinsu.

Manufar harshen koyarwa ma ta sha juyi. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a koyar da ƙananan ajujuwan firamare da harshen uwa ko na yankin. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida. A watan Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, a koma Turanci zalla. Kowace manufa aka rubuta a Abuja, gaskiyar ƙauyen Tsanyawa ko Bagwai guda ce: yaro da Hausa yake tashi, da ita yake wasa, da ita yake ciniki, rediyon gidansu Hausa take yi. Turanci a aji kawai yake jin sa, shi ma galibi a allo.

Masana koyon harshe irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand sun nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu shi kaɗai ya fahimta sosai, sai ya san kimanin kalmomi 98 cikin kowace 100. Ɗalibin da ya san 80 cikin 100 zai yi zaton ya san da yawa, amma a nassi mai kalma 400 zai ci karo da baƙin kalmomi 80, wato kowace kalma ta biyar tuntuɓe ce. Kalmomi kuwa ba a tara su da haddar jeri. Ana tara su ne ta yawan haɗuwa da su a cikin zance mai ma'ana, sau da yawa, a wurare daban-daban. Wannan ne aikin da labari ke yi fiye da kowane irin rubutu.

Dalilin zaɓar gajeren labari

Gajeren labari ya dace da wannan yanayi ta fuskoki da dama. Ana iya gama shi a darasi biyu, don haka wanda ya yi fashin makon jiya zai fara sabo tare da kowa a wannan makon. Yana shiga takarda biyu gaba da baya. Yana maimaita kalmominsa, domin mutanen ciki da wurin da abin ya faru ba sa canzawa. Mafi muhimmanci, yana sa yaro son jin ƙarshe, kuma wannan son ne ke ɗauke shi ya tsallake kalmar da bai sani ba ya ci gaba.

An gwada wannan a wani wuri mai kama da karkarar Kano ta fuskar harshe. A 1980, masu bincike biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, suka zuba littattafan labarai kimanin 250 a kowane aji na wasu makarantun firamare na ƙauyukan tsibirin Fiji, inda yara ke koyon Turanci alhali ba shi suke yi a gida ba. Aka ware kusan rabin awa kullum don karatun labarai maimakon darasin da aka saba. Bayan wata takwas, ci gaban waɗannan yara a karatu ya kai kusan ninki biyu na abin da aka saba gani. Da aka ci gaba zuwa shekara ta biyu, amfanin ya bayyana har a rubutunsu da nahawunsu, duk da cewa lokacin nahawun ne aka rage.

Bahaushe ba baƙon wannan hikima ba ne. Gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Abubakar Imam ya biyo da Magana Jari Ce, wanda tarin gajerun labarai ne da aka tsara don makarantu. Da su aka koya wa iyaye da kakanni karatun boko. Daga baya, littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da takwarorinsu suka sa dubban mata suka ƙware a karatun Hausa ba tare da wani malami ya tilasta musu ba. A yau 'yan mata na karanta dogayen labarai a waya. Masu cewa yaran yanzu ba sa son karatu ya kamata su duba abin da ake miƙa musu da sunan karatu.

Wane labari za a kai aji?

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaro na fahimtar sabon rubutu ne da abin da ya riga ya sani. Nassin da ke bayani kan dusar ƙanƙara ko jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa na ɗora wa ɗan Makoɗa kaya biyu a lokaci guda, baƙon harshe da baƙuwar duniya. Hikima ita ce a fara da labarin da duniyarsa sananniya ce, harshen kaɗai ya zama sabo.

Misali mai kyau shi ne Dead Men's Path na Chinua Achebe, wanda ke cikin tarin labaransa Girls at War na 1972. Labari ne ɗan gajere na wani matashin shugaban makaranta, Michael Obi, da ya zo da zumuɗin zamani ya toshe wata tsohuwar hanya da ta ratsa harabar makaranta, wadda mutanen gari ke girmamawa bisa al'adarsu. Dattijon gari ya zo ya roƙe shi, ya ƙi ji. Ƙarshenta aka wayi gari an tattake furanninsa an rushe wani gini, mai duba makarantu kuma ya rubuta mummunan rahoto a kansa. A ƙasar Ibo abin ya faru, amma duk yaron da ya taso inda ake rigima kan burtali da iyakar gona ya san abin da toshe hanya ke jawowa. Zai iya yin muhawara kan wanda ke da gaskiya tun kafin ya san duk kalmomin.

Akwai kuma marubutan da suka rubuta Arewa da Turanci. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass, gajerun littattafai masu sauƙin harshe da za a iya yanka su gaɓa-gaɓa. Zaynab Alkali na da Cobwebs and Other Stories. Abubakar Adam Ibrahim na da The Whispering Trees, wanda labarin da ya ba littafin suna ya shiga jerin ƙarshe na gasar Caine a 2013. Ba kowane labari a waɗannan littattafai ya dace da kowane aji ba, kuma a nan ne ake buƙatar kwamitin malamai da zai zauna ya tace, ya jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya kuma lura da tarbiyya da addinin al'umma, domin labarin da iyaye suka ƙi ba zai yi zango guda a makaranta ba.

Yadda darasin zai kasance

Ba a buƙatar wani abin da ya fi ƙarfin malamin ƙauye. A minti biyar na farko, malami ya tayar da zancen da labarin ya ƙunsa, ya bar yara su faɗi abin da suka sani, ko da Hausa ne. Sai ya koyar da kalmomi shida zuwa takwas waɗanda labarin ba zai fahimtu ba sai da su, sauran ya bar wa yara su lalubo daga zance. Sannan ya karanta sashen farko da ƙarfi, a tsanake, yara na bi da ido a takarda, domin da yawansu ba su taɓa jin an karanta Turanci da lafazi da tsayawa inda ya dace ba. A daidai inda labari ya ɗau zafi sai ya dakata ya tambaya: me kuke ganin zai faru, kuma wace jimla ce ta sa kuka ce haka?

Wannan tambaya ta biyu ita ce zuciyar auna fahimta. Tana koya wa yaro ya kafa hujja da abin da ke rubuce. Sauran labarin sai yara su karanta bibbiyu, mai ƙarfi da mai rauni. A darasi na biyu, kowane rukuni ya sake ba da labarin da baki, sannan kowa ya rubuta shi a jimla biyar da kalmominsa. Wannan ita ce taƙaitawar da WAEC ke ba maki 30. Nahawu ma yana da gurbi: a ɗauko jimloli daga labarin a nuna yadda aikatau ke sauyawa in ana ba da labarin abin da ya wuce. A ƙarshe a ce su rubuta wa Michael Obi wasiƙar shawara, ko su sauya ƙarshen labarin, ga insha'i ya samu.

Batun Hausa a ajin Turanci na buƙatar a faɗe shi a fili. A wasu makarantu har yanzu ana cin tarar ɗalibi ko a hukunta shi don ya yi Hausa. Sakamakon shi ne aji ya yi tsit, malami ya yi ta magana shi kaɗai. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare tare da ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa harshen uwa bai hana su iya Turanci ba. A nan Kano ma, shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, da haɗin gwiwar hukumar SUBEB da British Council, ya rarraba yaran aji huɗu zuwa shida na firamare bisa matakin karatunsu maimakon ajinsu, ya kuma yi amfani da Hausa a matsayin tsani zuwa Turanci. Babu dalilin da zai hana sakandare ɗaukar wannan darasi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a tattauna da Hausa in ta kama, amma karatu da rubutu su kasance da Turanci.

Uzurin kuɗi da na manhaja

Za a ce babu kuɗi. Ga lissafi. Ajin da ke da ɗalibai 80, in mutum biyu za su haɗu a kwafi ɗaya, kwafi 40 yake buƙata. In kowane labari ya ci takarda biyu, takarda 80 ke nan. Labarai shida a zango sun zama takarda 480, ba su ma cinye rim guda mai 500 ba. Kuma kwafin da aji ɗaya ya karanta yau, shi na kusa da shi zai karanta gobe, a adana don baɗi. Labari shida a zango na nufin 18 a shekara, 54 a shekara ukun babbar sakandare. In kowanne ya kai kalma 1,500, ɗalibi zai shiga ɗakin jarrabawa ya riga ya karanta kalmomi 81,000 na Turanci mai ma'ana. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar ilimi ta nemi izinin marubuta da kamfanonin ɗab'i ta biya su haƙƙinsu, kada gyara ya zama satar fasaha.

Za a kuma ce manhaja ta cika, babu gurbi. Amma auna fahimta da taƙaitawa da ƙarin kalmomi duk suna cikin manhajar tuntuni. Abin da ake nema shi ne a sauya abin da ake koyar da su da shi. Ya kamata a tuna kuma cewa darasin Adabin Turanci na zaɓi ne a babbar sakandare, ɗaliban kimiyya galibi ba sa ɗaukarsa. In ba a ajin Turanci suka haɗu da labari ba, ba za su haɗu da shi ko'ina ba.

Alhakin da ke kan kowa

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Jihar Kano, inda ya yi magana kan ɗalibai da ke zaune a ƙasa da ƙarancin malamai. Gyaran gine-gine da sayen kujeru wajibi ne, kuma su ne ake iya ɗauka a hoto. Sai dai dokar ta-ɓacin za ta cika ne in ta shiga cikin minti 40 ɗin da malami ke tsaye gaban aji.

Ma'aikatar ilimi da hukumar kula da manyan makarantun sakandare ta jiha za su iya fitar da ɗan kundin gajerun labarai ga kowane aji, su kuma ware darasi biyu a mako don karanta shi, a rubuce a jadawali, ta yadda mai duba makaranta zai tambayi labari nawa aka karanta kamar yadda yake duba littafin shirin darasi. Jarrabawar share fage da jihar ke yi wa ɗaliban aji biyu na babbar sakandare kafin ta biya musu kuɗin jarrabawar ƙarshe hanya ce mai ƙarfi: in aka ƙara wa fahimtar sabon nassi nauyi a cikinta, makarantu za su juya da kansu. A farkon aji ɗaya na ƙaramar sakandare kuma ya dace a gwada kowane yaro na minti biyu, a ware waɗanda ba su iya haɗa baƙi ba a ba su kulawa ta musamman, domin labari ba zai amfani wanda bai iya karanta kalma ba.

Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi tana tsakiyar wannan yanki, ga Jami'ar Bayero da cibiyar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi a kusa. Su ne ya kamata su horar da malaman da ke bakin aiki yadda ake karanta labari da ƙarfi da yadda ake yin tambayar da ke sa tunani, a lokacin hutu, a makarantun yankin, ba sai an kira su otal a birni ba. Marubutan Kano da ke rubutu da Turanci da Hausa, ta ƙungiyarsu ta ANA, za su iya samar da sababbin labarai masu sauƙin harshe kan rayuwar kasuwar Dawanau da noman rani a madatsar Watari da Tomas. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi don fentin makaranta su tuna cewa akwatin ƙarfe mai kwaɗo cike da littattafan labarai bai kai kuɗin fentin aji ɗaya ba.

Iyaye ma na da rawar takawa ko da ba su yi boko ba. Uba zai iya cewa ɗansa bayan sallar isha'i ya ba shi labarin da aka karanta yau da Hausa. In yaron ya iya, ya fahimta. In ya kasa, uban ya samu abin da zai je ya tambayi shugaban makaranta tun ana aji ɗaya, shekaru kafin a zo maganar sayar da tunkiya don sake zaman jarrabawa.